Ruwan Toka a Idon Inna

Har Inna ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa faɗa wa kowa wanda ya zuba ruwa a tukunyar man nan ba. In an tambaye ta abin da ya sami idanunta, sai ta ce tsautsayi ne, ta kama wata maganar. Baba ma ya rasu bai sani ba. To, ni ce na zuba. Yanzu da tsufa ya kama ni, duk waɗanda zan ji kunyarsu suna ƙarƙashin ƙasa, bari in faɗi yadda abin ya kasance ko na sauke shi daga ƙirjina.

A Madarunfa aka haife ni, a unguwar da ke gangarawa tafki. A lokacin Nasara bai shigo ƙasarmu ba tukuna, labarinsa kawai muke ji a bakin fatake. Baba manomi ne, gero da wake. Inna kuwa sabulu take yi, baƙin nan na toka, kuma duk wadda ta taɓa wanka da nata ba ta komawa ga na wata. Har daga Gabi mata suke aikowa a ajiye musu.

Ni ce 'yar farinta, kuma duk wanda ya san mutanenmu ya san abin da wannan yake nufi. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta tsayawa ta dube shi a fuska. Kunya ce, haka muka taras. Tun da aka yaye ni kakata ta ɗauke ni, sai da ta rasu na dawo gida da wayona. Na tarar da doguwar mace marar yawan magana, wadda in za ta aike ni sai ta dubi bango ta ce, “Ke.” Ƙannena tana kiran su da suna, tana yi musu faɗa, tana dariya da su. Ni kuwa “Ke” ce. Na san al'ada ce, amma sanin bai hana abin ci mini rai ba. Da yake kuma zuciyata a kusa take tun ina ƙarama, sai na mai da haushin nan tsiwa. Ba a gaya mini ɗaya ban mayar da biyu ba.

Duk da haka a gefenta na girma, ina kallon aikinta. Bayan girbi a tara karan gero da ɓawon wake a ƙone. A kwashe tokar a zuba cikin tukunya mai huji a gindi, wadda aka shimfiɗa wa ciyawa, a riƙa zuba ruwa yana tsiyaya. Wannan shi ne ruwan toka. Sai a ɗora shi a wuta a yi ta dafawa har ya ragu ya yi kaifi. Sauran mata da harshe suke gwada shi. Inna kuwa dubansa kawai take yi, ta ga yadda launinsa ya juya, ta ce ya yi. Wadda ta yi musu sai ta tsoma mata gashin kaza a ciki, an jima ta ciro shi saura tsinken. A wani murhun kuma a narka mai. Da can kitsen shanu ne, amma tun shekarar da ciwo ya share garkuna kitse ya yi wuya, ta koma man kaɗe. In man ya narke sai a janye itace a bar shi ya sarara, sannan a riƙa haɗa su kaɗan-kaɗan ana tuƙawa da muciya har ya kama jikinsa. Yaushe za a janye itacen, yaushe za a haɗa, duk ido ne ke faɗa. Inna da idonta take ci, da shi kuma take rufa wa Baba asiri in rumbu ya yi ƙasa.

Ta yi wa aikin rumfa can ƙarshen gida, nesa da ɗakuna. Kuma tana da doka wadda ko jaririn gidanmu ya haddace: toka ruwa, mai ƙasa. Ba ta kunna wutar sabulu sai randa ta cika fal a damanta, a hagunta kuma ga ƙwaryar yashi da kaskon rufi. Ranar da ta fara ba ni muciya, bango ta duba ta ce:

“In toka ta taɓa jikin mutum, ruwa. Ba mai, ba nono, ba tohi. Ruwa, har ki gaji da zubawa, in kin gaji ki ƙara. In kuwa mai ya kama wuta, kak ki kusance shi da ruwa ko ɗigo guda. Ki ruhe shi, ki bi shi da ƙasa.”

Na ce, “Inna, garin ga duk yashi ne. Mi ya sa sai an zuba shi a ƙwarya an aje kamar tuwon baƙo?”

Ta ce, “Ranar da kike bukatarshi ba ki samun lokacin duƙawa.”

Na murguɗa baki a bayanta. Hannuwanta duk tabo ne fari-fari tun daga yatsu har gwiwar hannu, amma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina a ina ta koyi dokar tata ba.

Dole in faɗi wani abu game da tafkinmu, in ba haka ba za a ɗauka hauka ce ta kama ni. Mu mutanen Madarunfa ba mu ɗauki ruwan nan kamar sauran ruwa ba. Bayin Allah suna kwance kewaye da shi, kuma tun muna goye muke jin cewa albarkarsu tana cikinsa. Ana zuwa daga nesa a ɗiba a kai wa marar lafiya. Shekara guda kafin abin da zan faɗa, gobara ta tashi a unguwarmu ta ci ɗaki uku. Maza da mata muka jeru daga bakin tafki muna miƙa wa juna tulu, wutar ta mutu kafin ta kai ga rumbuna. Da bakina na yi ta faɗa tare da kowa cewa babu wutar da ke tsayawa gaban ruwan tafki. Inna na wurin ana faɗa. Ba ta musa ba, ta dai ce wutar ciyawa ce.

A kakar da abin ya faru ina gida, na zo haihuwar fari. Na gama wanka, 'yata ta kusa wata uku, mijina bai aiko in koma ba tukuna. Baba da ƙannena tun sassafe suka wuce gona ɗaurin dami, haka kusan duk unguwar. Washegari kasuwa ce. Ruwan tokar da za a yi aiki da shi tun jiya aka dafa, ya huce, yana tukunya kan duwatsu a cikin rumfa. Ruwan randa kuwa ya tafi wajen tace sabuwar toka.

Da gari ya waye Inna ta ce, “Ke, randa.” Na je tafki sau ɗaya, na juye tulu guda, aka yi alwala da wanke-wanke da shi. Jaririyar ta tashi da rigima, na zauna ba ta nono, bayana yana ciwo, raina a ɓace. Can na ji muryar Inna daga rumfa.

“Ke, randa ta cika?”

Na ce, “Ta cika.”

Ban san abin da ya sa na faɗa ba, ban da ganda da haushin “Ke” ɗin nan. Na ce a raina da yarinyar ta yi barci zan yi sawu uku in cika, wa zai sani. Randar a rufe take da faifai. Inna ba ta buɗe ta duba ba, domin duk tsiwata ban taɓa yi mata ƙarya ba. A kan maganata ta kunna wuta.

Da yarinyar ta yi barci na kwantar da ita a ɗaki, na saci jiki da tulu. A bakin tafki na tarar da ƙawayena na ƙuruciya suna wanki. Aka shiga tsokanata, wai na yi ƙiba, wai mijina ya manta hanyar gidanmu. Ni kuwa ba a tsokanata in yi shiru. Na ajiye tulu na ba kowace amsarta har da ƙari. Sai da rana ta fara cizo na tuna da randa, na cika tulun na ɗora a kan gammo na kamo hanya.

Daga baya na san abin da ya faru a bayana. Yarinyar ta farka tana tsala kuka. Inna ta ce “Ke” sau biyu, shiru. Ta bar man a wuta ta je ta ɗauke ta, ta jijjiga ta har ta lafa, ta mayar ta kwantar. Kafin ta dawo man ya yi hayaƙi ya kama.

Ina shigowa gida na hango wuta a bakin tukunyar. Ba wata babba ba ce, tsawonta bai fi kamu guda ba. Inna ta ba ni baya, ta ɗan rusuna, ta riƙe kaskon rufi da hannu biyu tana matsawa a hankali. Da na tsaya inda nake, da kafin a ƙirga biyar an gama. Na san dokar. Wallahi na san ta kamar yadda na san Fatiha. Amma abin da ya zo mini shi ne ga uwata a bakin wuta, ga ruwan tafki a kaina. Har da wani abu a ƙasan zuciyata, wanda sai yanzu nake iya faɗa: so nake in kashe wutar nan ta juyo ta dube ni. Na ruga, na yi bisimilla, na tuntsurar da tulun daga kaina.

Ta ga inuwata. “Kak ki…” Iyakar abin da ta samu ta faɗa ke nan.

Tukunyar ta yi wata irin ƙara, wutar ta yi tsalle ta kama rufin rumfa, mai yana fantsama ko'ina da wuta a jikinsa. Inna ta yi baya da ƙarfi, ƙafarta ta zame a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta faɗi. Gwiwar hannunta ta doki tukunyar ruwan toka, tukunyar ta kife mata a fuska da ƙirji.

Ban taɓa jin Inna ta ɗaga murya ba sai ranar. Ta dafe fuska tana birgima tana cewa, “Ruwa! Ruwa! Randa!” Na ja ta waje daga ƙarƙashin rumfar, na ruga na yaye faifai, na zura moɗa. Moɗar ta kankari gindin randa. Abin da na kwarfo bai cika tafin hannu biyu ba. Na waiwaya ga tuluna, ga shi can a fashe, ruwansa ya gama aikin da na sa shi.

Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa da muke ce wa Iya, ita kaɗai ta rage a gidansu, ita ta fara shigowa. Tsufa bai hana ta hankali ba. Ta ɗauki ƙwaryar yashin nan da nake yi wa dariya ta juye a tukunyar, ta kife kasko a kai, ta sa taɓarya ta ture rumfar ta zube ƙasa, ta yi ta kwasar ƙasa tana binne inda mai ke ci. Wutar ba ta kai ga ko ɗaki ɗaya ba. Sannan ta durƙusa kan Inna, ta ga abin da ya faru, ta juyo gare ni.

“Ke mai jego, maza tatso nononki a idon! Shi ne maganin ido.”

Har na kai hannu ga zanena, Inna ta ce, “A'a, Iya! Ruwa! Don Allah ruwa!”

Iya ta koma gida da sauri ta kawo gora, rabi ne a ciki, domin mutanen gidansu sun tafi gona da sauran. Ta miƙo mini. Nan hannuna ya ƙi. Yanzu-yanzu na ga abin da ruwa ya yi, sai na ji kamar in na sake zubawa fuskar ma za ta kama da wuta. Na tsaya da gora a hannu. Inna ta laluba ta kama wuyan hannuna, ta karkata gorar da kanta a kan idanunta. Kafin ka ce kwabo ruwan ya ƙare, ita kuwa tana cije leɓe tana cewa a ƙara.

Babu wani ruwa a kusa sai tafki. Na juya mata baya na durƙusa na ce, “Inna, hau.” Ta yi jim, ko a cikin wannan azabar. Tun da aka yaye ni jikina bai taɓa nata ba. Na daka mata tsawa, ni 'yarta, na ce, “Ki hau na ce!” Iya ta taimaka ta ɗora mini ita.

Inna ta fi ni tsawo, ƙafafunta suna jan ƙasa. Hanyar da nake bi kullum da tulu ina waƙa, ranar ta ƙi ƙarewa. Na bi tsakanin dangogi, na wuce gindin kuka, na kama gangara. Zanenta ya sha toka sharkaf, ya manne a bayana, na fara jin ƙaiƙayi, daga nan ya koma zafi kamar an ɗora mini garwashi. Wani mutum da jakinsa ya tare hanya yana tambaya lafiya, lafiya. Abin da na gaya masa ba zai maimaitu ba, Allah Ya yafe mini, dattijo ne. Na faɗi sau ɗaya a kan gwiwoyina, na tashi. Inna ba ta ƙara yin kuka ba, sai numfashinta nake ji a wuyana, tana ambaton Allah.

Ban tsaya a baki ba, na kutsa da ita cikin ruwa har ƙugu. Ƙawayen nan nawa suna nan ba su gama wanki ba. Suka watsar da kaya suka shigo. Na kwance zanen Inna na jefar, su kuma suka kewaye mu da zannuwansu suka kare ta daga idon masunta. Ta tsoma fuskarta ta ɗago, ta tsoma ta ɗago, amma idanun sun ƙi buɗuwa, sun damƙe gam. Ta ce, “Buɗe su da hannunki. Ko na yi ihu kak ki bari.” Na sa yatsu. Fatar fuskarta tana santsi kamar an shafa mata kuɓewa, yatsuna suna zamewa. Na kwantar da kanta a hannuna na hagu yadda nake yi wa jaririyata, na ware fatar idon da ƙarfi, wata ta miƙo ƙwarya, aka shiga zubawa. Dama, hagu, dama, hagu. Ta yi ihun kuwa, ban bari ba.

Muka yi ta zubawa har inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa. Mata suka fara cewa ya isa haka, za a sa mata sanyi, a fito da ita a kira malam ya yi tofi. Inna ta ce, “Malam shi yi daga nan baki, Allah na ji. Ku ƙara.” Hannuna ya mutu, wata ta karɓi ƙwaryar, ni dai ban saki fatar idon ba. Can ta ce, “Jinjirar hwa?” Sai a lokacin na tuna ina da 'ya. Aka ce tana hannun Iya.

Na sunkuya daidai kunnenta na ce, “Inna, randar…”

Ta ce, “Zuba ruwa.”

Bayan azahar Baba ya iso a guje daga gona, ya shigo ruwan da rigarsa. Ya ce, “Subhanallahi! Garin yaya?” Na buɗe baki zan yi magana, na ji yatsun Inna sun damƙi cinyata a ƙarƙashin ruwa. Ta ce, “Tsautsayi ne, Malam. Mai ya kama, na ja da baya na zame.” Ba ta yi ƙarya ko ɗaya ba, ta dai cire ni daga ciki.

Aka kai ta gida. Kafin magariba fuskar ta kumbura har ba a ganin inda idanun suke. Aka ɗaure su da farin ƙyalle, ta kwanta a ɗaki. Masu magani suka yi ta zuwa, wannan da garin saiwa, wancan da kwalli na musamman, wata da man shanu. Inna ta gode wa kowa, ta ce a ajiye, ba ta yarda an sa mata ko ɗaya ba. Safe da yamma ni nake kwance ƙyallen in wanke mata da ruwan da na tace, in mayar. Kowa ya shigo sai ya tambaya a hankali, “Tana gani?” Babu mai amsa, domin fatar ba ta buɗuwa balle a sani.

Bayana ya saɓule tun daga kafaɗa har ƙugu, tabon yana nan har yanzu. Wata guda ban goyi 'yata ba. Mutane suka yi ta sa mini albarka, wai 'yar halak, ta goyi uwarta ta cece ta. Kowace albarka aka sa mini sai in ji kamar an watsa mini ruwan tokar a ciki. Ina jan hannun Inna in kai ta bayan gida, ina ba ta fura a baki, ina kallon hannuwan nan masu tabo suna lalube a kan tabarma suna neman abin da ke gabansu. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Na roƙi Allah Ya ɗauki nawa idon Ya bar mata nata, kuma da gaske nake. Da na sani ƙeya ce, in ji mutane, ni kuwa tawa ta yi mini nauyi har ba na iya ɗaga kai.

Wata rana da la'asar, gida ba kowa, ina wanke mata fuska, na kasa daurewa. Na ce, “Inna, ni na ce maki randa ta cika. Ni na zuba ruwan. Ki bari in hwaɗa ma Baba.”

Ta ce, “Kin yi ƙarya, kin zuba ruwa. Ni kuma na bar mai bisa wuta na tahi, ban kuma buɗe randa na duba ba. Kowa ya ɗauki kayanshi. Babanki ba shi da kaya a ciki, kak ki ɗora mashi.”

Ba ta ce ba komai ba. Na gode mata da ba ta faɗi haka ba, domin da ban yarda ba.

Sai da aka kwana goma sha wani abu kumburin ya saɓe. Da hantsi muka fito da ita ƙofar ɗaki, a inuwa. Baba na tsugune a gabanta, Iya na gefe da jaririyata a hannu, ƙannena sun yi cirko-cirko. Na kwance ƙyallen, na jiƙa fatar idon, na koma gefe guda na rakuɓe. Ta yi ta ƙoƙari har idanun suka buɗe. Na hagun ya yi fari fat, baƙin ya ɓace, ko ba a faɗa ba kowa ya san ya tafi. Na daman ja ne wur, yana zubar da hawaye, amma baƙinsa na nan.

Baba ya ce, “Kina gani? Ga hannuna, kina ganin shi?”

Ta juya kai a hankali, ta wuce Baba, ta wuce Iya, ta wuce ƙannena ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kaina sai ta tsaya. Na sunkuyar da kai yadda na saba. Ta ce, “Ɗago.” Na ɗago. Ta dube ni, a gaban mijinta da maƙwabciyarta da 'ya'yanta, ta yi ta dubana har na rasa inda zan sa kaina. Sannan ta ce, “Ashe wanzamin ga ya karkata maki tsaga guda.” Ta kuma kira sunana, cikakke, yadda aka raɗa mini shi.

Baba ya yi hamdala ya kifa goshi a ƙasa. Iya kuwa ta riƙe haɓa ta ce, “A'a! Yau kuma ina kunyar ta tahi?”

Inna ta ce, “Iya, kwanakin ga da na yi cikin duhu, na ce in shi ke nan, bari in tattara huskokin ɗiyana in aje. Duk na same su, kowa da kamarshi. Na nemi ta wagga na rasa. Shekara ashirin ina da ido biyu.”

Na fashe da kuka irin wanda ban yi ba ko a tafki. Ba ta rarrashe ni ba, ta bar ni na yi abina.

Idon hagun bai dawo ba. Ni na ci mata shi, kuma babu ranar da ban sani ba. Da ɗayan ta koma aikinta bayan wata biyu, ta sa aka sake kafa rumfa a wurin da ta ƙone. Da mijina ya aiko, na koma ɗakina, amma gidan ba nisa, duk ranar sabulu ina zuwa in cika randa, in buɗe faifai in nuna mata, sannan in zauna a hagunta. Sunana kuwa ba ta sake kira ba har ta rasu. Washegarin ranar ma ta koma ga “Ke” ɗinta. Sai dai ta daina duban bango. Sau da yawa ina tuƙi da muciya, in ɗago in tarar ta juyo da kai gaba ɗaya, idon nan guda yana kaina, kuma ko na kama ta ba ta kawar da shi.